Yini ɗaya a Toledo: tudu sau ɗaya ake hawa

Duk wanda ya sauka Madrid, babban birnin Sifaniya, da rarar kwana ɗaya a hannunsa, Toledo ake fara nuna masa. Kilomita 70 ne wajen kudu, jirgin ƙasa mai sauri kuma yana cinye su cikin minti 33. Wannan kusancin shi ke yaudarar mutane. Sai mutum ya taso da hantsi babu tikitin komowa, ya isa rana ta take, ya kama hawa da ƙafa, kafin ya kai ƙofar gini na farko gwiwa ta mutu. Toledo ba faɗi gare ta ba, daga gadar gabas zuwa ta yamma bai cika kilomita 2 ba. Tsayi gare ta da lunguna. Tsohon birnin a kan dutse yake zaune, wajen mita 100 sama da kogin Tajo, kogin kuma ya naɗe shi ta ɓangarori uku kamar rawani, ya bar arewa kaɗai inda ganuwa take. Saboda haka shirin yinin gaba ɗaya a kan abu biyu yake: yadda za ka hau sau ɗaya ba da ƙafarka ba sannan ka riƙa gangarowa, da yadda za ka yi tafiya daidai da agogon mutanen Sifaniya.

Zaɓen rana shi ne farko. Ranar Litinin yawancin gidajen tarihi na gwamnati a rufe suke, ciki har da na mai zane El Greco da na tarihin Yahudawa da ke cikin El Tránsito, tsohon wurin ibadarsu. Ranar Lahadi babban coci ba ya karɓar masu yawon buɗe ido sai da rana, wajen ƙarfe 2, su kuma waɗancan gidajen tarihi suna rufewa ƙarfe 3, ka ga abin ya haɗe maka wuri ɗaya. Asabar ranar mutanen Madrid ce da iyalansu, lunguna sai an yi kafaɗa da kafaɗa. Talata zuwa Juma'a su ne ranakun da ke da daɗi. Akwai kuma bikin Corpus Christi, ranar Alhamis kwana 60 bayan Ista, wanda ke faɗawa ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Ana lulluɓe tituna da rumfar yadi, ana fito da kayan alfarmar coci. Abin kallo ne in shi ka je gani, amma ba ranar shiga gine-gine ba ce. Game da watanni, Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi. A Yuli da Agusta zafi yana wuce digiri 35, wani lokaci ya taɓa 40, dutsen kuma yana riƙe zafin har dare. A Disamba da Janairu safiya tana kusantar daskarewa, hazo kan tashi daga kogi ya rufe birnin, rana kuma ta faɗi wajen ƙarfe 6.

Tikitin komowa kafin na zuwa

Jirgin da ke wannan hanya sunansa Avant, na kamfanin Renfe, yana tashi daga tashar Puerta de Atocha. Kowane tikiti da lambar kujerarsa, babu tsayuwa, in kujeru sun ƙare sun ƙare. Abin da baƙo bai sani ba shi ne jirgin ba na 'yan yawo kaɗai ba ne. Tun da aka buɗe layin a 2005 mutane da yawa suna kwana a Toledo suna aiki a Madrid, ga kuma dubban da suka zo yini kamar kai, duk suna son komawa tsakanin ƙarfe 5 da 8 na yamma. Don haka jiragen safe na zuwa da na yamma na komowa su ke fara cika. Sayi zuwa da komowa tare, kwana biyu ko uku kafin ranar, ka fara tabbatar da kujerar komowa. Haɗa su ma ya fi arha: tafiya ɗaya wajen Yuro 14 ce, zuwa da komowa 20 da 'yan kai. Kada ka zaɓi jirgin ƙarshe. Jiragen ba sa kaiwa tsakar dare, in ka rasa na ƙarshen babu wani a bayansa.

A Atocha mutane kan yi kuskure uku. Na farko, a sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai suna Estación del Arte, alhali wadda ake so ita ce Atocha, duk a layi na 1. Na biyu, a shige ɓangaren Cercanías, wato jiragen kewayen gari, maimakon ɓangaren masu sauri. Na uku, a manta cewa ana saka jaka a na'urar bincike kafin a kai bakin jirgi, kuma ana rufe ƙofa minti 2 kafin tashi. Tashar babba ce, zauren tashi ba ɗaya ba ne, allon sanarwa ne zai gaya maka naka. Ka isa da rarar minti 30.

In jirgi ya cika, akwai bas na kamfanin ALSA daga Plaza Elíptica, inda layi na 6 da na 11 suke haɗuwa. Kuɗinsa bai kai rabin na jirgi ba, yana tashi akai-akai, tafiyar kuma wajen awa ɗaya ce in ka hau wanda aka rubuta wa directo. Ɗayan yana bin ƙauyuka, zai ƙara maka kusan rabin awa. Mai mota ya bi A-42, wadda ba a biya. Abu ɗaya kawai: kada ya shiga da ita cikin ganuwa. Titunan don jaki da alfadari aka yi su, akwai inda madubin mota ke gogar bango hagu da dama, taswirar waya kuma ba ta san wannan ba. A ajiye ta a filin Safont da ke ƙasa kusa da tashar bas, ko a gidan ajiye motoci na Miradero da ake biya.

Babbar jaka a bar ta a masauki a Madrid. Daɓen birnin na duwatsu ne, wasu masu tsini wasu sun sulɓe don tsufa, ƙafar jakar ja ba ta daɗewa a kansu. Takalmi ya zama mai taushin ciki da ƙasan roba wanda ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmi kanta zai yi maka kafin azahar, mai ƙasan fata kuma zamewa yake in an yi yayyafi. Ruwan famfo ana sha, riƙe gora ka riƙa cikawa, a watannin zafi lissafa lita 2. Fasfo ya kasance a jikinka, lambar neman agaji kuma 112 ce.

Yadda ake hawa

Tashar jirgin Toledo a ƙasa take, a hayin kogi ta gabas. Tsaya minti biyar ka dube ta, gini ne na 1919 da aka yi da salon Andalus, da hasumiyar agogo mai kama da ta masallaci. Daga nan hanya huɗu ce. Bas na gari, lamba 5, 61 ko 62, yana tsayawa a titi in ka fita harabar tashar, ya kai ka dandalin Zocodover. Ko ka taka minti 10 ka haye gadar Azarquiel zuwa matakalar lantarki ta Safont, wadda za ta ɗaga ka kyauta har Miradero, taku kaɗan daga Zocodover. Sunan gadar na Az-Zarƙali ne, masanin taurari da ya yi aiki a nan a ƙarni na 11, wanda Turai ta shafe ɗaruruwan shekaru tana amfani da jadawalin taurarin da aka tsara a wannan birni a zamaninsa. Hanya ta uku ita ce tsohuwar gadar Alcántara, daga kalmar Larabci alƙanɗara, wato gada. Ta fi kyau nesa ba kusa ba, amma bayanta matakalar dutse ce mai miƙewa. Da sanyin safiya mai ƙarfin gwiwa zai iya, da rana kuwa ganganci ne.

Ta huɗu ita na fi so ga wanda ya iso kafin ƙarfe 9:30. Gine-ginen ba sa buɗewa sai 10, to me za ka yi da wannan rarar? Ɗauki tasi daga tasha ka ce Mirador del Valle. Wuri ne a hayin kogi ta kudu, gefe ɗaya da tashar, inda ake ganin birnin dungum: kwazazzabon kogi a ƙasa, rufin jan laka hawa-hawa, hasumiyar babban coci a tsakiya, fadar Alcázar mai kusurwa huɗu a ƙololuwa. Arewa kake kallo, don haka rana ba ta shiga idonka. Mai tasi ya jira ka minti 10, ya sauke ka a ƙofar ganuwa ta Bisagra. Bayan kyan gani, amfaninsa shi ne taswirar garin ta zauna maka a ka kafin ka shiga lungu. Masu barin wannan sai yamma yawanci ba sa zuwa, don a lokacin ƙafa ta gaji, jirgi kuma ya matso. Akwai ɗan jirgin yawo mai tayar roba da ke tashi kusa da Zocodover ya zaga can ya dawo cikin wajen minti 45, amma tsayuwarsa gajeriya ce kuma kowa a lokaci ɗaya yake son hoto.

Abin da za a shiga da abin da za a wuce

Toledo ta yi zaman babban birnin Bisigot, waɗanda suka mulki ƙasar kafin zuwan Musulmi, Musulmi suka karɓe ta a farkon shigarsu Andalus bayan 711 suka kira ta Ɗulaiɗila, Alfonso na 6 ya ƙwace ta a 1085, sarakuna suka riƙa zama a cikinta har Felipe na 2 ya mayar da fada Madrid a 1561. Wannan ƙaura ita ta ceci birnin. Da arziki ya koma wani wuri, babu wanda ya ga dalilin rushe tsoffin unguwanni ya shimfiɗa manyan tituna, shi ya sa a 1986 UNESCO ta sa tsohon birnin gaba ɗayansa cikin kayan tarihin duniya. Sakamakon haka abin gani ya fi ƙarfin yini ɗaya. Gine-gine huɗu ko biyar mutum zai iya shiga ya fito da wani abu a ransa. Wanda ya bi goma, da dare ba zai iya bambanta wannan rufi da wancan ba.

Akwai tikitin haɗaka da ake kira pulsera turística, abin ɗaurawa a wuyan hannu, mai buɗe wurare 7: masallacin Cristo de la Luz, Santo Tomé, Santa María la Blanca, San Juan de los Reyes, El Salvador, cocin 'yan Jesuit, da Colegio de Doncellas Nobles. A kowanne daga cikinsu ake sayarwa. In za ka shiga huɗu ko fiye, ya biya kansa. Babban coci ba ya ciki, haka El Tránsito. Mutane da yawa sai a bakin ƙofa suke gane wannan.

Fara da masallacin, don yana arewa kusa da ƙofofin Bisagra da Puerta del Sol, kuma ƙarfe 10 babu kowa. Sunansa na asali Bab al-Mardum, sunan ƙofar ganuwa da ke gefensa. Ƙarami ne ƙwarai, wajen mita 8 kowane gefe, wanda ya zo da tunanin babban masallacin Kordoba zai ce wannan ne? Kada ka yi saurin shiga. Tsaya a titi ka ɗaga kai: a saman bangon gaba akwai rubutun Kufi da aka jera da gasasshen tubali, ya fara da Bisimilla, ya ambaci Ahmad ibn Hadidi wanda ya gina da dukiyarsa, da magini Musa ibn Ali, da watan Muharram na shekara ta 390 bayan Hijira, wato ƙarshen 999. Rubutun ya yi ƙarnuka a ɓoye, sai 1899 aka gano shi. A ciki ginshiƙai huɗu ne, kawunan wasunsu an ɗebo su daga gine-ginen Bisigot, sun raba ɗakin gida tara, kowane gida da ƙaramar ƙubbarsa, babu wadda ɗaurinta ya yi kama da na 'yar'uwarta. Bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, a nan darajar ginin take. Ɓangaren gabas mai zagaye ƙari ne na ƙarni na 12 bayan an mai da shi coci, kuma in ka lura da wajensa za ka ga salon tubalin bai canza ba. A ƙasa kuma ga shimfiɗar titin Rumawa da aka tono. Minti 25 ya isa.

Wannan ci gaban salo shi ne mabuɗin kallon Toledo duka. Bayan 1085 Musulmi da yawa sun zauna ƙarƙashin sarakunan Kirista, ana ce musu mudéjar, daga mudajjan, da wannan suna kuma ake kiran ginin da aka ci gaba da yi da salonsu: tubali, baka mai siffar kofaton doki, sassaƙar farar ƙasa, rufin katako mai zanen taurari. Shi ya sa za ka ga hasumiyar coci ka rantse ta masallaci ce, ka shiga wurin ibadar Yahudawa ka tarar da rubutun Larabci a bango. A wannan zamanin ne kuma malamai irin Gerard na Cremona, wanda ya rasu a nan a 1187, suka zauna suna juya littattafan Larabci zuwa Latin, har da Ƙanun, littafin likitanci na Ibn Sina. Allunan yawon buɗe ido suna kiran Toledo birnin al'adu uku. Gaskiya ne, amma rabinta. An far wa unguwar Yahudawa a 1391, an kore su daga ƙasar a 1492, Musulmin Kastila kuma an tilasta musu barin addini ko barin ƙasa a 1502. Gine-ginen sun tsira ne don an canza musu aiki.

Daga masallaci akwai ɗan hawa, shi ne mafi tsanani da ya rage maka, sannan ka kama hanyar Zocodover. Sunan daga suƙ ad-dawab yake, kasuwar dabbobi. Kada ka ci abinci a nan, kuɗin wuri za ka biya. Bi titin Comercio, hasumiyar babban coci za ta bayyana a ƙarshensa. Tikiti a shagon da ke fuskantar ƙofar Puerta Llana ake saya, a titin Cardenal Cisneros, ba a babbar ƙofar dandali ba. An fara ginin a 1226 a gurbin babban masallacin Juma'a, aka kammala a 1493. Ba shi awa ɗaya da rabi, ka nemi abu huɗu. Kujerun mawaƙa na ƙasa, inda aka sassaƙa a katako yadda garuruwan daular Garnaɗa sama da 50 suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, da yawa da sunan garin a jiki. Ga mai bin tarihin Andalus babu abin da ya kai wannan nauyi a ginin. Sai Transparente na 1732, inda Narciso Tomé ya huda rufi don haske ya sauko bayan bagadi, wanda da safe zuwa tsakar rana ya fi fitowa. Sai ɗakin ajiyar kayan limamai mai zanen El Greco da ake kira El Expolio. Sai kuma taskar da ke ɗauke da hasumiyar azurfa mai ruwan zinariya ta Enrique de Arfe, wadda ake fitarwa ranar Corpus. Wurin ibada ne, a rufe kafaɗa, maza su cire hular rana.

Alcázar fa? Daga waje ya ishe ka, sai in tarihin soja ne abin sonka, don gidan tarihin sojan ƙasar ne ke ciki tun 2010 kuma yana cin awa biyu. A benen ƙarshe akwai ɗakin karatu na yankin Kastila-La Mancha mai ƙofarsa daban, da ɗan wurin shan shayi da ake hango gari kyauta a ranakun aiki. In tsayi kake so a tsakiyar rufin gidaje, hasumiyoyin cocin Jesuit sun fi, kuma suna cikin tikitin hannunka.

Agogon ciki da na salla

A Sifaniya abincin rana daga 1:30 zuwa wajen 4 ne. Kafin nan murhu bai kama ba, bayan nan an kashe shi sai 8 ko 8:30 na dare, lokacin kai kana hanyar tasha. Wanda ya ce bari ya ƙarasa gini ɗaya tukuna har 4 ta wuce, da burodi zai yini. Zauna 1:30 daidai, kafin a cika. Nemi allon da aka rubuta menú del día a lungunan da ke nesa da Comercio: kwano na farko, na biyu, burodi, abin sha da kayan zaƙi a kuɗi ɗaya, yawanci tsakanin Yuro 15 da 20.

Ga wanda ba ya cin alade, a nan sai an buɗe ido, domin girkin Kastila a kansa ya ginu. Kalmomin da za ka haddace: cerdo, jamón, chorizo, tocino, panceta, lomo, morcilla, cochinillo, da manteca, wato kitse. Carcamusas, wanda kowane gidan abinci ke tallatawa a matsayin girkin gari, naman alade ne a miyar tumatir. Migas da sopa castellana suna kama da abincin burodi zalla, amma da naman a ciki. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne ka ce ba ka cin nama, a kawo maka ganye da gutsattsarin jamón a kai, don a wurinsu wannan kayan ɗanɗano ne. Ka faɗa ɓaro-ɓaro: sin cerdo, sin jamón. Naman daji irin su perdiz, wato makwarwa, da giya ake yawan dafa shi, abin shan da ke cikin menú kuma in ba ka ce agua ba ana iya kawo vino. Abin da ba ya ba da wahala: tortilla de patatas ta ƙwai da dankalin Turawa, pisto manchego na tumatir da tattasai da albasa da ƙwai a kai, kifin bacalao, da cukun manchego na nonon tumaki. Alewar garin, mazapán, niƙaƙƙen almon ne da sukari. Sauran kayan gashi na gargajiya kuwa, musamman mantecados da polvorones, da kitsen alade ake yin su.

Agogon ƙasar ya riga rana sosai. Zawali a Toledo sai wajen 1:15 a watannin sanyi, wajen 2:15 a na zafi, magariba kuma a Yuni tana kaiwa 10 saura kwata. Tsoffin masallatan duk gidajen tarihi ne yanzu, ba a salla a ciki. Alƙibla gabas ce da ɗan karkata kudu, wajen digiri 104. Wuraren da ke da sarari da natsuwa su ne lambunan Paseo del Tránsito da gefen kogi ƙasan gadar San Martín. Bayan gida na jama'a kaɗan ne, yi amfani da na gidan abinci ko gidan tarihi duk lokacin da ka samu.

Gangarawa yamma

Bayan abinci sai unguwar Yahudawa ta da, daga nan kuma yawancin tafiyar gangara ce. Ƙananan tayil masu alamun Ibrananci da aka manna a ƙasa da gindin bango su ke nuna ka shigo. Cocin Santo Tomé zane ɗaya ake shiga gani, jana'izar mai garin Orgaz da El Greco ya yi tsakanin 1586 da 1588, tsayinsa ya kusa mita 5. Ɗakin ƙarami ne, ayarin 'yan yawo masu jagora suna cika shi daga 10:30 zuwa 1, amma tsakanin 2:30 da 3:30 suna kan tebur. Lokacinka ke nan. Ba a ɗaukar hoto. In ayari ya riske ka, koma gefe minti biyar, za su wuce. El Salvador na nan kusa, shi ma masallaci ne a da, minti 10 ya ishe shi.

Wuraren ibadar Yahudawa biyu ne, ba kuma maimaici ba ne. El Tránsito, wanda Samuel ha-Levi ma'ajin sarki Pedro na 1 ya gina a shekarun 1350, zaure ɗaya ne dogo, ƙawarsa a bango da rufi take. Santa María la Blanca ta girme shi, sahu biyar ce ta fararen ginshiƙai masu kusurwa takwas da bakuna a kansu, duk wanda ya shiga bai karanta allo ba masallaci zai ce. In ɗaya kaɗai lokaci ya bari, ita zan zaɓa. Gidan tarihin El Greco da ke kusa ba gidansa na ainihi ba ne, an sake gina shi ne a farkon ƙarni na 20, wanda ya ga zanen Santo Tomé da na babban coci zai iya wucewa. Ƙarshen layi cocin San Juan de los Reyes ne, wanda sarauniya Isabel da sarki Fernando suka sa aka gina bayan yaƙin Toro na 1476. Sarƙoƙin da ke rataye a bangon waje na fursunonin Kirista ne da aka kwance a yaƙin Garnaɗa. Hau bene na farfajiyar ciki ka dubi rufin katako. Wuraren da ke cikin tikitin hannu suna rufewa kafin ƙarfe 6 a watannin sanyi, kafin 7 a sauran, don haka ka iso nan da rarar minti 45.

Za ka ɓata, ko sau ɗaya ne. Lungunan sun matse har alamar waya tana tsalle daga wannan titi zuwa wancan, wasu kuma adarve ne, lungun da ba ya ɓullewa, wasu sun bi ta ƙarƙashin gidaje. Sauke taswira a waya tun a Madrid, ka riƙa karanta sunan titi a kusurwar bango maimakon bin ɗigon da ke yawo. In ta rikice, ka tuna gangara kogi take kaiwa, kuma duk abin da ka sauka bisa kuskure sai ka hau shi.

Shagunan takubba da kayan damasquinado, wato zaren zinariya da ake dasawa a jikin baƙin ƙarfe, sun cika kowane titi. Na hannu da na inji farashinsu ba ɗaya ba ne. Na hannu in ka matso da ido za ka ga layukan ba su daidaita sak ba, biyu kuma ba sa zama iri ɗaya, na inji kuwa santsi gare shi kamar bugun ɗab'i. Tambayi mai shago kai tsaye ko hecho a mano ne. In ka sayi takobi ko wuƙa, bar shi a naɗe yadda aka ba ka, rasit a aljihu, don a tashar Toledo ma ana saka kaya a na'ura. A jirgin sama kuma ba ya shiga jakar hannu.

Daga San Juan gangara zuwa gadar San Martín ta ƙarni na 14, ka haye rabinta ka juyo ka dubi birnin da hasken yamma. Nan ne wuri mafi nisa daga tashar jirgi, kuma nan ake rasa jirgi, don mutum yana ganin minti 33 ne zuwa Madrid sai ya manta tsakaninsa da tasha akwai kusan kilomita 3. Kada ka koma ta cikin gari, tudun da ka gangaro ne za ka sake hawa. Ɗan hau zuwa ƙofar Cambrón ka fita, ka bi Paseo de Recaredo ta wajen ganuwa, hanya ce mai sauƙi, minti 15 zuwa ƙofar Alfonso na 6, wadda ita ce tsohuwar Bisagra ta zamanin Musulmi, bakanta na asali yana nan. Daga Bisagra zuwa tasha minti 20 ne na gangara ta gadar Azarquiel, ko ka ɗauki tasi a nan. Ka bar gadar San Martín awa ɗaya da kwata kafin lokacin jirginka in da ƙafa za ka, minti 45 in da tasi.